Abin da Na Jefar a Hanyar Azare

Yerimaram, Potiskum
Asabar, bayan azahar

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya sa aikin koyarwar da za ki fara jibi a Damagum ya zama alheri gare ki da 'ya'yan mutane. Amin.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga matar da ƙofar ɗakinta ke kallon taki. Ki daure ki karanta. Ke 'yar fari ce, ko sunanki na yanka ba na kamawa, balle in zaunar da ke in buɗe miki cikina. Bakin nan nawa shekara ashirin da shida yana yi wa 'yan firamare tsawa, ya saba da "zauna" da "yi shiru", maganar da nake son yi miki kuwa ba da irin wannan bakin ake yin ta ba. Na san ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na ja abin har ya kai yau, kuma ba zan ƙara masa ko kwana ɗaya ba.

Jiya ina kallonki kina haɗa kaya. Zannuwa, tukunya biyu, risho, littattafanki na kwaleji. Sai na ga kin naɗe kwamfutarki a tsohon zani kin ɗora ta saman kwaba. Na tambaye ki dalili, kika ce, "Mama, alli da allo sun ishe ni. Ba zan sake jawo wa 'ya'yan kowa fitina ba." To a kan wannan kaɗai nake rubuta miki. Ina so ki sauko da ita ki tafi da ita, ki koyar da yaran Damagum da shafukan nan na intanet kamar yadda kika koyar da na unguwarmu a zaure. Na ƙudurta ba za ki bar gidan nan ba tare da ita ba. Amma na san taurin kanki, a nono kika sha, umarni ba zai yi miki ba. Saboda haka zan zayyana miki kurakuraina a kan wannan abu tun daga farko, ki ɗauki darasin da ke ciki, ki bar mini kunyar.

Kin tuna ranar da kika dawo da ita daga kwalejin horar da malamai? 'Yar gwanjo, batirinta ba ya kai awa guda, ga ɗan modem da ake soka mata a gefe. Kika kira ni da murnarki in zo in ga shafukan da aka yi don yara: wannan na koyon baƙaƙe da waƙa, wancan na labarai masu hotuna ana karanta wa yaro da murya, wani kuma na lissafi. Na leƙa, na ga biri yana tsalle yana cafe mangwaro ana buga masa kiɗa. Na ce, "Shekara uku kika yi a kwaleji, abin da kika kawo mana ke nan? Biri?" Na juya na koma kan tankaɗena. Ban ko tsaya ganin yadda fuskarki ta yi ba.

A lokacin autarmu Safiya tana aji huɗu, ba ta iya ɗebewa mai aro ba. Kullum bayan la'asar sai na zaunar da ita da allo da tsumagiya. Ni da nake koya wa 'ya'yan wasu, a ce tawa ce ba ta ganewa? Abin yana cin raina, ita kuma jikinta ke biya. Har ya kai in na ɗauki alli sai ta ja baya. Da mutanen nan masu bindiga suka fara ƙona makarantu a garin nan aka rufe tamu, sai na ƙara mata lokaci, wai kada zaman gida ya ƙarasa ta.

Wata rana na dawo daga kasuwa, tun daga ƙofa nake jin dariya a ɗakinki. Na leƙa. Safiya ce a gaban kwamfuta, birin nan yana tambayarta mangwaro nawa ya rage a kwando in an kwashe kaza, tana ƙirgawa da yatsu tana dannawa. Ta faɗi sau biyu, birin ya sosa kai ya sake ba ta. A na uku ta ci. Ta ci na gaba, da na gabansa. Na ce, "Ke Safiya, dama kin iya kike wahalar da ni?" Ta ɗago ta ce, "Mama, ai shi birin ba ya duka." Ba da rashin kunya ta faɗa ba, amsa kawai ta ba ni. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Saboda haka ga nasihata ta farko. Yaron da ke jin tsoro ba tunani yake yi ba, hanyar tsira yake nema, kuma ni na ɓata shekaru ina auna karatu da yawan hawaye. Ban ce ki sake wa yara fuska su hau kanki ba, aji yana son mai riƙo. Amma kada dariya a aji ta firgita ki. Kuma a Damagum za ki tarar da irina, wata tsohuwar malama ko hedimasta da zai ce wasan banza kika kawo. Kada ki tsaya musu da shi, mu irinmu musu ƙara mana ƙarfi yake yi. Ki nemi yaron da kowa ya yanke ƙauna da shi, ki zauna da shi sati biyu, sannan ki kira mai musun ya tsaya a bayansa ya gani da idonsa.

Kuskurena na biyu ya fito ne daga na farkon. Kin san halina, in na tsani abu na tsane shi, in na yarda da shi kuma sai na zarce. Da 'ya'yan maƙwabta suka ji labari suka fara zuwa, muka share zaure muka shimfiɗa tabarmi, har suka kai goma sha bakwai. Uku-uku suke zama gaban kwamfuta, saura suna jiran layi suna ba da amsa daga baya kamar 'yan kallon dara. In kin fita neman wani abu kika bar ni da su, sai in kunna musu in shige madafi. A raina na samu malamin da ba ya gajiya, ba ya neman hutu.

Bayan sati biyu na ce bari in gwada su da alli. Akwai Bukar, yaron da ya fi kowa tara taurari a wasan nan, har sauran suna kiransa sarki. Na rubuta masa sha biyu a ɗebe biyar. Ya kalli allo, ya kalle ni, ya kalli rufin zaure. Ashe shi dabararsa ita ce ya danna amsoshin ɗaya bayan ɗaya da sauri har a tafa masa. Canki-canka ya ƙware a kai, ba lissafi ba. Wata rana kuma ina cikin gida na ji zauren ya yi tsit, shirun yara kuwa kin san ba alheri ba ne. Na fito na tarar sun danna wata talla da ke gefen shafin, ta kai su inda ba a kai yaro. Na rufe murfin da ƙarfin da ya tsaga shi a kusurwa. Wannan tsagar kam kin san aikina ce, tun ranar na amsa.

To ki ji. Shafin intanet ba ya maye gurbinki, kayan aiki ne kamar allo, sai da mai riƙewa. Kowane shafi ki buɗe shi ke kaɗai tukuna, ki yi wasan har ƙarshe, ki ga abin da ke leƙowa ta gefe. Wanda ya yi miki ki rubuta sunansa a littafi, ki sauke abin da zai sauku ki ajiye, don wuta da sabis a ƙasar nan ba su da alkawari. In yara sun gama wasa, ki rufe kwamfutar ki kawo tsakuwa ko gyaɗa ki ce su nuna miki da hannu. Wanda ya gane zai nuna, mai canki zai kalli rufi. Kuma ki tuna masu yin shafukan nan ba su san Damagum ba. Turancinsu ta hanci yake fita, hotunansu ƙanƙara ce da tuffa da kare a kan gado. Aikinki ne ki mayar wa yaro da abin Hausa, in Hausar ma ba ta zauna masa ba ki nemi wanda zai faɗa masa da Karai-Karai ko Fulatanci ko Ngizimanci. Kada ki manta da ɓangaren malamai na shafukan, inda ake samun takardun aiki da dabarun gabatar da darasi. Takarda ɗaya in kika buga a shago kika kwafe ta a allo, ta ishi aji guda ko ba wuta.

Na uku ya fi waɗannan ciwo. Ban taɓa kiran iyayen yaran na nuna musu abin da muke yi ba. Na ɗauka ni Malama ce, rabin unguwar nan ni na koya musu rubuta sunansu, wa zai tuhume ni? Na manta lokacin da muke ciki, lokacin da malami ke ɓoye katin aikinsa a takalmi, yara ke barin kayan makaranta a ƙasan akwati. Sai magana ta fara yawo. Wai kwamfutar tana ɗaukar hoton yara tana aikawa waje. Wai maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, 'yar Filaton nan mai aikin asibiti, tana koya musu waƙoƙin coci. Laifinta kawai 'ya'yanta biyu suna zaure tare da namu, kuma a janaretarta muke yin caji kyauta kullum.

Baban Bukar ya zo daga gonarsa ta wajen Ngojin, ko fartanya bai ajiye ba. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Malama, ni ban yi boko ba, amma kunnena yana ji. An ce matar nan yana koya musu waƙar su. In haka ne yarona ba zai ƙara zuwa ba." Waƙar da ake magana a kanta kuwa ta baƙaƙen Turanci ce, da na kunna masa minti biyu da maganar ta mutu a nan. Amma na ji tsoron surutu, na nemi hanya mai sauƙi. Na shiga wajen Maman Rifkatu na ce ta ɗan riƙe yaranta a gida har ƙura ta lafa. Ta kalle ni ta ce, "Ba komai, Malama, na gane. Janareta dai yana nan, ku ci gaba da kawo caji." Kuma muka ci gaba da kaiwa, Ummi. 'Ya'yanta suna leƙen zaurenmu ta katanga, kwamfutarmu tana shan wuta a ɗakinta.

Ke ce kika gyara abin da ya gyaru. Kika kira iyaye mata ranar wata Juma'a da hantsi kika sa su yi wasan da hannunsu, kika karanta musu ɓangaren iyaye kina fassarawa, yadda uwa za ta sa yaro ƙirga cokula ko ya ba ta labari tana girki ko da ita ba ta yi karatu ba. Washegari maza suka zo. Baban Bukar ya zauna gaban birin nan har sai da batir ya mutu, yana cewa a bar shi ya rama. Surutu ya ƙare. Na ce gobe zan je in ba Maman Rifkatu haƙuri in ce ta dawo da yaranta. Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben, har aka yi mata canjin wurin aiki suka kwashe kaya. Ina tsaye a ƙofa motarsu ta wuce, ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata. Har yau ban san inda take ba.

Nasihar a nan biyu ce. Kafin yaro ɗaya ya taɓa kwamfutarki a Damagum, iyayensa su fara taɓawa. Mutanenmu ba ƙin ilimi suke yi ba, abin da aka rufe musu suke tsoro, kuma suna da gaskiya, sun ga abin da ya isa. Ta biyun kuwa, kada ki taɓa kashe jita-jita da mutum. Duk yaron da ya zo, ko na masallaci ne ko na coci, ki ba shi wuri a tabarma. In kuma kin zalunci wani, ki je a ranar, kada ki yi irin goben da na yi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Ki gyara zama, ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Kin tuna da aka ɗauke sabis gaba ɗaya, mutum sai ya shiga mota ya tsallaka ƙasar Bauchi kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Modem ya zama abin wasan yara. Abu uku kacal muke da su a ajiye, yaran suka haddace su har suna riga birin magana. Kika ce mu je Azare wajen Goggonki Hajara ki sauko da sababbi. Kwamfutar ta yi girman da ba za a bi shingaye da ita ba, muka bar ta a gida muka tafi da waya kawai. Kwana uku kina wuni a shagon intanet, kina dawowa idanunki jawur, kina loda wasanni da waƙoƙi da labarai da takardun aiki a memorin nan da bai fi farcen ɗan yatsa ba. A cikinsa kuma akwai jerin da kika yi tun da farko: sunan kowane yaro, gidansu, inda ya kai a karatu, da hotonsa, don kina son ki buga wa kowa katin yabo.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Goggo, kika ce za ki ƙara kwana biyu ki kula da ita, ni in yi gaba don kada yara su gaji da jira. Kika saka memorin a wayata da hannunki kika ce, "Mama, ki riƙe shi da kyau, wahalar kwana uku ce."

A mota aka fara hirar da ake yi a kowace mota a lokacin. Matar da ke gefena ta ce ta ji an tsare wani a shinge saboda abin da aka gani a wayarsa, har yau ba labarinsa. Wani dattijo a gaba ya ce shi na shinge ba su dame shi ba, na daji ne abin tsoro, in suka tare hanya malamai suke fara nema. Ga ni malama, ga waya cike da boko, ga sunayen 'ya'yan mutane da hotunansu. Na duba hagu tsoro, na duba dama tsoro. Direba ya ce kowa ya shirya, mun kusa inda ake sauka a taka da ƙafa hannu a sama. Ban yi shawara da kowa ba. Na sa hannu cikin hijabi, na buɗe bayan wayar, na zare memorin, na miƙa hannu ta taga na sake shi. Gefen wata gonar gero ce, ko ƙararsa ban ji ba.

Muka sauka a shinge. Sojan ya leƙa jakata, ya ga zani da ƙullin kuka da Goggo ta ba ni, ya ce, "Wuce, Mama." Ko wayar bai tambaya ba. Haka a shinge na biyu, haka a na uku. Babu wanda ya tare mu a hanya, babu wanda ya ce in buɗe komai. Na iso gida lafiya lau da wayar da ba komai a cikinta.

Da kika dawo ko hijabi ba ki cire ba kika ce, "Mama, ina memorin?" Na ce, "Sojoji sun karɓe a shinge."

Babu sojan da ya karɓi komai, Ummi. Ni na jefar. Na ji kunyar in ce miki uwarki, mai tsawa da tsumagiya, ta tsorata da hirar mota. Na ɗauka za ki yi baƙin cikin wahalarki kwana biyu ki manta. Ban yi tunanin ƙaryar ta sa jerin sunayen a hannun sojoji ba sai da kika yi magana. Kika ce, "Sunayen yaran suna ciki. Da hotunansu. Da gidajensu." A nan ya kamata in ce ƙarya na yi. Kalma uku ce. Na buɗe baki, girman kai ya rufe shi.

Kin san sauran, amma ba ki san ina kallo da sanin gaskiya ba. Na ga kin daina cin abinci. Na ga duk motar da ta tsaya a layinmu sai kin miƙe. Na ga kin bi gida-gida kina gaya wa iyaye an rufe zaure, kina ba su haƙuri wai kin jefa 'ya'yansu cikin haɗari. Sati guda yaran suna zuwa ƙofa da safe suna tsayawa, Safiya tana fita tana ce musu babu. Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, bari in ƙarasa: wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Na ce shi ke nan, an rufe, ba mai nuna gidanmu da yatsa, zan yi barci. Na sayi barcina da karatun yara goma sha bakwai da kwanciyar hankalin 'yata. Sabis ya dawo, ba ki sake buɗe shafin ko ɗaya ba. Da aka buɗe makarantu wasu sun koma, shida ba su sake zama gaban allo ba. Ina haɗuwa da su a kasuwa, suna durƙusawa suna cewa "Ina wuni, Malama", ina amsawa ina kallon ƙasa.

Shekara biyu ke nan kina tsoron abin da bai taɓa faruwa ba. Sunayen nan ba su shiga hannun kowa ba, suna can cikin ƙasar gonar wani, damina biyu ta bi ta kansu. Ba ki jawo wa ɗan kowa fitina ba. Alheri kika yi musu, ni na katse shi.

Ga abin da nake so ki riƙe. Tsoro ba laifi ba ne, a garin nan wanda ya ce bai ji tsoro ba maƙaryaci ne. Wataƙila ma jefarwar ba ta zama babban zunubi ba, Allah Ya san halin da nake ciki a motar nan. Ƙaryar ita ce zunubin, don ita ta ɗauke tsorona na awa ɗaya ta ɗora miki na shekara biyu. Ki yi taka-tsantsan irin na mai hankali. Kada ki ƙara haɗa sunayen yara da hotunansu wuri ɗaya da darussa, wannan ki bar shi a littafi a gida. Duk abin da kika sauke ki yi masa kwafi biyu. Ba sai kin yi shela a gari ba, hedimasta da iyaye su sani ya isa. In aka tambaye ki a shinge ki buɗe ki nuna, ba abin kunya a ciki. In kuwa, Allah Ya kiyaye, haɗari na gaske ya zo, ki bar kwamfuta ki bar komai ki tsira da yara da ranki. Amma kada ki ajiye baiwar da Allah Ya ba ki saboda an ce an ce, balle saboda abin da ni na ƙaga.

Yau da safe na gaya wa Babanku kafin ya fita kara, kasuwar shanu. Ya juya hularsa a hannu. Na ce ko zai taya ni faɗa miki, tunda kina jin maganarsa. Ya ce, "A'a. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Wannan kayan ba zan ɗaukar miki ba." Ya yi gaskiya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Gobe tare za mu shiga motar Damagum. Kwamfutar a cinyata za ta zauna, ba a ƙasan kaya ba, kuma duk shingen da aka ce mene ne wannan, ni zan buɗe da hannuna in amsa. In na dawo zan bi gidajen nan da kika bi, ɗaya bayan ɗaya, in gaya musu da bakina cewa 'yata ba ta jefa kowa cikin haɗari ba, ni ce na yi ƙarya. Su kalle ni yadda suka ga dama. Sannan zan share zaure. Wayata ƙarama ce, idona ya fara rauni, amma in kin rubuta mini sunayen shafukan a takarda da manyan baƙaƙe zan koya. Shidan nan zan fara nema, ko biyu na samu na gode Allah.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. Mutanenmu suna cewa uwa ba ta laifi a wajen ɗanta. Na yi shekaru ina fakewa a bayan wannan maganar. Na yi miki laifi, Ummi, babba, kuma ina roƙon ki yafe mini. Ban ce dole yau ba. In kina son ki yi fushi ki yi, haƙƙinki ne, zan ɗauka. Sai dai fushin ki yi shi da ni, kada ki yi shi da yaran Damagum, ba su san komai ba.

Safiya za ta miƙa miki wannan bayan la'asar. Ina zaune a ƙofar ɗakina. Duk tsawon shekara biyun nan ban iya haɗa ido da ke sosai ba, kin ɗauka kunyar 'yar fari ce. In kin gama karantawa ki fito ki kalle ni, yau ba zan sunkuyar da kai ba.

Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo mini da ke lafiya, Ya tsare makarantarki da ɗalibanki da hanyar da za ki riƙa bi, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Yobe da ƙasa baki ɗaya. Allah Ya ba ki zuciyar da ta fi ta uwarki ƙarfi. Amin, summa amin.

Ni ce,
Mahaifiyarki